Metro ɗin Alƙahira: unguwannin da yake kai baƙo da waɗanda yake bari a hanya

Kafin ka tambayi dillali kuɗin haya a Alƙahira, fara tambayarsa minti nawa ne a ƙafa daga ƙofar gidan zuwa tashar metro, wato jirgin ƙasa na cikin gari, kuma ya faɗi sunan tashar. Amsar nan ita za ta yanke yadda zamanka zai kasance a garin, jinya ce ta kawo ka, ko karatu, ko sarin kaya. Alƙahira da kewayenta na ɗauke da mutum sama da miliyan 20, kuma tafiyar da waya ta nuna maka kilomita 8 ce tana iya cinye awa ɗaya da rabi a mota da yammacin Alhamis. Metro ne abin hawan da gosulo ba ya taɓawa. Ya cancanci yabo kuma zan yaba masa, sai dai yana da babban giɓi, giɓin kuwa ya faɗo daidai kan wasu unguwannin da mutanenmu suka fi sauka.

Layi uku ne ke aiki. Na ɗaya an buɗe shi a 1987, shi ne metro na farko a Afirka, yana tafiya daga Hilwan a kudu zuwa Marg a arewa maso gabas, tasha 35 cikin kusan kilomita 44. Akasarinsa a sarari yake bi, 'yan tashoshin tsakiyar gari ne kawai a ƙarƙashin ƙasa. Na biyu ya fara aiki a 1996, tasha 20 daga Shubra zuwa Munib, shi ne ya fara nutsawa ƙarƙashin Kogin Nilu ya ɓullo a Giza. Na uku an buɗe sashensa na farko a 2012, aka yi ta ƙara shi gaɓa-gaɓa har 2024. Ya taso daga Adli Mansur a gabas, ya ratsa Masar al-Jadida da Abbasiyya da tsakiyar gari da Zamalik, a tashar Kit Kat ya rabu gida biyu: reshe ɗaya ya nufi Imbaba, ɗaya ya gangara Muhandisin ya ƙare a Jami'ar Alƙahira. Wuraren sauya layi biyar ne, kuma ya kamata a haddace su: Sadat da Shuhada tsakanin layi na ɗaya da na biyu, Ataba da Jami'ar Alƙahira tsakanin na biyu da na uku, Nasir tsakanin na ɗaya da na uku. Jirage na fara tashi wajen ƙarfe 5 na asuba su tsaya wajen 1 na dare, a watan azumi a ƙara lokaci.

A bakin tasha akwai na'urar binciken jaka irin ta filin jirgi. Ka ɗora jakarka, ka wuce, ka ɗauka, sai tagar tikiti. Kuɗin ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce, ba ruwansa da sau nawa ka sauya layi matuƙar ba ka fita waje ba. A ƙarin da aka yi a watan Agusta 2024, tafiyar da ba ta wuce tasha 9 ba ta koma fam 8 na Masar, har zuwa 16 fam 10, har zuwa 23 fam 15, abin da ya haura haka fam 20. Har farkon 2017 fam ɗaya ake biya ko ina mutum zai je, ka ga ke nan farashin ba ya zama wuri ɗaya, sai ka karanta allon da ke jikin tagar. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka faɗi sunan tashar da za ka sauka, ka miƙa ƙananan kuɗi, mai tagar ya zaɓa maka tikitin. Kada ka zo da takardar fam 200 da sassafe kana neman tikiti ɗaya, mutanen da ke bayanka sauri suke yi.

Tikitin 'yar takarda ce mai tauri da baƙin zane a jikinta. Ka zura ta a bakin ƙofar, na'urar ta zuƙe ta ta tofo ta ta sama, ka cire, ka tura ƙarfen ka wuce. Nan ne baƙi suka fi yin kuskure, wani ya bar ta a na'urar, wani ya yar a hanya. Da ita za ka fita, a ƙofar fita ne na'urar ke haɗiye ta gaba ɗaya. Wanda ba shi da ita, ko ya sayi ta tasha 9 ya yi tafiyar 10, kamar mai tasowa daga Ma'adi zuwa Ataba, ƙofa za ta ƙi shi, sai ma'aikaci ya zo, sai tarar da ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa. Kada a lanƙwasa ta, kada a damƙe ta a hannu mai gumi, domin baƙin zanen nan na'urar ke karantawa. Mai zaman wata guda ko fiye ya sayi katin da ake zuba wa kuɗi, ya huta da bin layi.

Allunan tasha da Larabci da boko aka rubuta su, kuma ba sa cewa kudu ko arewa, sunan tashar ƙarshe suke ɗauka. Kana Sadat za ka Ma'adi, sai ka bi kibiyar Hilwan. Za ka Dukki, ka bi ta Munib ko Giza. A layi na uku, in za ka wuce Kit Kat, ka dubi goshin jirgin ko allon lantarki kafin ka shiga, domin jirage biyu ne ke tsayawa a wuri ɗaya, ɗaya na Imbaba ɗaya na Jami'a. Wanda ya yi karatun Larabci a gida zai ci riba ƙwarai, amma ya shirya kunnensa: Bamisire yana mayar da jimun ga, yana kuma haɗiye ƙaf. Shi ya sa Jiza ta zama Giza, Marj ta zama Marg, Dukki kuwa a bakinsu Du'i ce, asibitin Ƙasrul Aini kuma Asrul Eni. Sannan tashar Shuhada, wadda har 2011 ake kira Mubarak, 'yan gari Ramsis suke ce mata, Sadat kuma su ce Tahrir.

Cunkoso kan yi tsanani daga wajen 7 zuwa 10 na safe, da kuma daga 2 na rana, lokacin tashin ma'aikata da 'yan makaranta, har bayan magariba. A Shuhada da Sadat da Ataba a irin wannan lokaci masu shiga ba sa jiran masu fita, ƙofa kuma ba ta daɗewa a buɗe. Abin da 'yan gari ke yi shi ne, saura tasha ɗaya su fara matsawa bakin ƙofa, suna taɓa kafaɗar na gabansu suna cewa "nazil?", wato za ka sauka? In ya ce e, ka tsaya a bayansa ka bi shi sau da ƙafa. In ya ce a'a, zai karkace ya ba ka wuri. Wanda ya zauna sai jirgi ya tsaya sannan ya miƙe, a tasha ta gaba zai sauka. Waya a aljihun gaba, jaka a ƙirji. Masu talla na bi tarago-tarago da alƙaluma da safa da wayar caji, wani ma ya ajiye maka kayan a cinya ya wuce. In ba ka so, ka bar shi a nan, zai dawo ya ɗauka ba tare da wata magana ba.

Tarago biyu na tsakiyar kowane jirgi na mata ne, akwai allo a saman daidai inda suke tsayawa, kuma namijin da ya shiga ana cin sa tara. Wannan tsari yana cikin abin da ya fi burge ni a hidimar, domin Hajiyar da ta zo jinyar mijinta za ta iya fita ita kaɗai ta sayo magani ko ta karɓo sakamakon gwaji ba tare da an matse ta cikin maza ba. Mace na da damar shiga kowane tarago. In iyali za su rabu, ita a na mata shi a na kowa, su yi magana tun a ƙasa kan sunan tashar da kuma yawan tsayawar da ke tsakani, kuma duk wanda ya riga sauka ya tsaya a bakin layin, kada ya hau sama.

Layukan uku ba ɗaya suke ba a wajen jin daɗi, kuma mai tafe da marar lafiya dole ya san wannan. Layi na uku, wanda kamfanin RATP Dev na Faransa ke tafiyarwa tun 2021, duk jiragensa da na'urar sanyi, tashoshinsa da lifta da matakala mai tafiya da kanta. Sai dai wasu tashoshin da zurfi, kuma sauya layi a Nasir ko Ataba doguwar tafiya ce a cikin rami. Layi na ɗaya tsoho ne. Akwai sababbin jirage masu sanyi, akwai tsofaffi masu fanka da taga, kuma a Yuli da Agusta bambancin ba ƙarami ba ne, har za ka ga mutane sun bar tsohon ya wuce suna jiran sabon. Tashoshinsa na sarari da yawa gada ake hawa da ƙafa a ƙetara layi. Wanda aka yi wa aikin gwiwa ko na baya, ko mai zuwa wankin ƙoda, ko wanda ke kan keke, metro ba nasa ba ne a lokacin cunkoso ko da wane layi ne. Na mai jinya ne, shi da ke zirga-zirga tsakanin masauki da asibiti da kantin magani sau uku a yini.

Tsakiyar gari, wadda suke kira Wust al-Balad, ita ta fi kowace unguwa wadatar tasha: Sadat, Nasir, Urabi, Muhammad Najib, duk cikin tafiyar ƙafa. Tun zamanin Khidiwi Isma'il, sarkin Masar, aka zana ta a kan fasalin birnin Faris na Faransa, dogayen benaye masu baranda, kuma a saman benayen nan akwai ƙananan otal masu araha. Kafin ka biya ka gwada liftar da kanka, tsofaffi ne kuma suna tsayawa, hawa na bakwai da ƙafa kuwa ba wasa ba ne. Ka kuma nemi ɗakin da ba ya kallon titi, domin Tal'at Harb da kewayensa ba sa barci sai dare ya raba. Ga mai kwana uku ko huɗu wanda ya zo ganin gari, babu kamarta. Tsohon gidan tarihin Masar na 1902 yana bakin tashar Sadat, tashar jirgin ƙasa mai zuwa Iskandariyya tana saman Shuhada.

Ataba ita ce ƙofar 'yan kasuwa da ɗalibai. Kana fitowa ga kasuwar tsofaffin littattafai ta Azbakiyya, ga titin Abdul Aziz na wayoyi da kayan lantarki, ga bakin Muski, doguwar siririyar kasuwa ta tufafi da takalma da turare wadda ke miƙewa gabas har ta kai ka kusa da masallacin Husaini. A Muski kunnenka ya kasance a buɗe, masu tura kaya a amalanke daga baya suke zuwa da ihu, kuma ba sa tsayawa. Mutane da yawa suna ɗauka akwai tasha a Azhar. Babu. Daga Ataba tafiya ce ta kusan kilomita ɗaya da rabi cikin turmutsitsi. Hanyar da ta fi daɗi ita ce a sauka a Babus Sha'ariyya a layi na uku, tasha ɗaya bayan Ataba, a taka zuwa ƙofar Babul Futuh da aka gina a 1087, a gangaro ta titin Mu'izz tsakanin masallatai da makarantun zamanin Faɗimiyya da Mamluk har a ɓullo kasuwar Khan al-Khalili. Ƙetaren titi kuma ga Azhar, wadda aka fara ginawa a 970 aka fara salla a cikinta a 972, inda tun da daɗewa ɗaliban Barno suke da nasu riwaƙin, wato sashen zamansu a masallacin. Shagunan littattafan addini suna lungunan bayan masallacin. In da mota za ka daga tsakiyar gari, ka gaya wa direba ya bi titin Azhar. Akwai ramin motoci da ya taso daga dandalin Opera ya bi ta ƙarƙashin unguwar duka ya ɓullo a titin Salah Salim, in ya shiga nan ya wuce da kai.

Abu biyu ɗan kasuwa ya riƙe. Shaguna da yawa a Muski da Khan suna hutu ranar Lahadi, alhali ofisoshin gwamnati da bankuna Juma'a da Asabar suke rufewa, Lahadi ranar aiki ce gare su. Na biyu, metro na zuwa ne da kai kasuwa, ba na dawowa da kaya ba ne. Ƙofar tikiti ƙunci gare ta, taragan kuma ba a yi su don dila da jakar bakko ba. In ka yi sari, ɗan dako ya fito maka da shi bakin babban titi ka kira mota.

Mai jinya kuwa, in asibitinsa bai tilasta masa wani wuri ba, Dukki zan fara nuna masa. Tana ƙetaren kogi a lardin Giza, amma tasha biyu ce kawai daga Sadat, ga kuma tashar Buhus a gaba. Dalilin zaɓen nan yana cikin yadda likitocin Masar ke aiki: manyansu da yawa da safe suna asibitin jami'a, da yamma har dare suna ganin marasa lafiya a iyada, wato ɗakin duba marasa lafiya na kansu, wanda galibi gida ne a cikin dogon bene. Dukki da Muhandisin cike suke da irin waɗannan, da ɗakunan gwajin jini da na hoto, da kantunan magani masu kawowa har ƙofa. Ganin likita da ƙarfe 8 na dare ba abin mamaki ba ne, kuma lokacin ne gadojin kogi ke cushewa. Daga Dukki zuwa Sayyida Zainab, tashar da ta fi kusa da Ƙasrul Aini da asibitin kansar yara na 57357, tsayawa huɗu ce da sauyi ɗaya a Sadat. Muhandisin ta daɗe ba ta da metro, sai a 2024 da reshen layi na uku ya kawo mata tashoshin Taufiƙiyya da Wadin Nil da Jami'atud Duwal. Gidajenta sun fi faɗi, amma hayar gida mai kaya tana tashi a watannin zafi saboda baƙin ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha. Tasha ta gaba a wannan reshe ita ce Bulaƙ ad-Dakrur, unguwar talakawa mai cunkoso, wadda masana tarihi ke danganta sunanta da Takrur, sunan da Larabawa ke kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi.

Gida mai kaya shaƙƙa mafrusha suke ce masa, dillali simsar, mai gadin bene bawwab. Bawwab ya fi kowa sanin gidan da ba kowa a unguwa, kuma shi za ka riƙa ba ɗan abin hasafi duk wata. Ban da haya akwai la'adar dillali da ta'amin, kuɗin ajiyar da ake mayarwa in ba ka ɓata komai ba. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki da mitar wuta ranar shiga, ka tambaya ko ta kati ce, ka sa a rubuta komai a takarda. Dillali zai ce maka metro na nan kusa. Ka taka da ƙafarka ka duba agogo. Minti 10 daidai ne, minti 25 a ranar Agusta kuwa yana nufin kullum sai ka hau wani abin kafin ka kai tasha.

Zamalik tsibiri ce a tsakiyar kogi, unguwar ofisoshin jakadanci, na Najeriya ma a can yake. Tashar Safa Hijazi ta layi na uku tana arewacinta inda gidaje suke, tashar Opera ta layi na biyu tana kudu wajen hasumiyar Alƙahira, kuma tsakaninsu da nisa. Shiru gare ta da inuwa, da tsada.

Faisal ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma tun ɓarkewar yaƙin Sudan a watan Afrilu 2023 ta cika da 'yan Sudan, da gidajen abincinsu da shagunan turarensu, haya kuma ta tashi. Matsalarta ita ce tashar Faisal tana bakin titin ne kawai, titin kuwa ya miƙe yamma kilomita da yawa, saboda haka wanda aka ce masa gidan a Faisal yake bai san komai ba tukuna sai an faɗa masa a wane sashe. A nan ne kuma ya kamata a yi maganar tarkon da ya fi kama baƙi. Akwai tasha a layi na uku mai suna Ahram, wato dala, amma sunan wani titi ne a Masar al-Jadida, can ɗaya gefen birnin. Mai son ganin dalolin Fir'auna da sabon babban gidan tarihin da ke kusa da su ya sauka a tashar Giza a layi na biyu, tsayawa shida daga Sadat, ya ƙarasa ragowar da mota. Layi na huɗu da ake haƙawa a ƙarƙashin titin Haram shi aka tsara ya kai can.

Irin wannan ruɗanin suna ba ɗaya ba ne. Jami'ar Ain Shams ba a tashar Ain Shams take ba, tana wajen Abbasiyya da Manshiyatus Sadr, asibitocinta kuma suna tashar Dimardash. Tashar Zahra tana unguwar da ake kira tsohuwar Masar, ba ta da haɗi da unguwar Zahra'ul Ma'adi. Tashar Ardul Ma'arid tana tsohon filin baje koli ne, amma tun 2019 babban baje kolin littattafai na Alƙahira ya koma sabon wuri a Tajammu', inda metro ba ya zuwa. Ita kanta tashar Sayyida Zainab, sai ka taka kusan kilomita guda kafin ka ga masallacin. Matambayi ba ya ɓata, amma ka tambayi wurin da za ka, kada ka tambayi tashar da ka zata.

Kudu a layi na ɗaya, Mar Girgis tana cikin tashoshin da ke sauke ka a bakin abin da ka zo gani. Ga tsofaffin majami'un Kibɗawa da gidan tarihinsu a ƙofar tashar, 'yan mintuna kaɗan a ƙafa kuma ga masallacin Amru bin As, na farko da aka gina a Masar. A wannan yanki na Fusɗaɗ ne mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a ƙarni na 13 domin ɗalibansu da alhazansu. Gaba kaɗan sai Ma'adi, tsayawa takwas daga Sadat, kamar minti 20. Tashoshi uku ne ke ɗauke da sunan. Hada'iƙul Ma'adi ta masu ƙaramin ƙarfi ce, da 'yan Afirka da yawa. Ma'adi da Sakanat su ne na tsohuwar unguwa mai itatuwa, wadda titunanta lamba gare su maimakon suna, kuma titi na 9 mai shaguna da gidajen abinci yana bin jikin layin jirgin. Wanda ake duba shi a asibitocin bakin kogi na wannan yanki, ya zauna nan ya huta da hayaniya.

Abbasiyya, tsayawa huɗu daga Ataba, kusan kowane baƙo mai dogon zama sai ya je ta, domin a 2019 ofishin fasfo da izinin zama ya tashi daga ginin Mugamma na Tahrir ya koma can. A je da sassafe, da fasfo da kwafinsa da hotuna. Madinatul Bu'us, mazaunin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, ita ma ta wannan fuska take. Masar al-Jadida, wadda wani attajiri ɗan Beljiyam, Baron Empain, ya kafa a 1905, tana gaba a layin. Tituna masu faɗi, tsofaffin shagunan Korba masu rumfa kusa da tashar Ahram, asibitoci masu zaman kansu, ga kusanci da filin jirgi. Cikin unguwannin gabas ita ce ta haɗa natsuwa da metro mai sanyi.

Giɓin da na ambata yana farawa ne daga Madinat Nasr. Nan babban harabar Jami'ar Azhar take, nan ɗalibai baƙi suka fi yawa, musamman a Hayyus Sabi' da Hayyul Ashir, nan kuma ake kai baƙi da yawa masauki saboda akwai ɗan'uwa da zai yi tafinta. Unguwa ce mai girman gari guda, amma metro gefenta kawai ya shafa, a tashoshin Istad da Ardul Ma'arid. Daga Hayyul Ashir sai ka hau ƙaramar bas tukuna, ita kuma ta shiga gosulon da kake gudu. Tajammu' al-Khamis a gabas da birnin 6 ga Oktoba da Shaikh Zayid a yamma, inda sababbin asibitoci da jami'o'i masu zaman kansu suka yawaita, duk suna wajen layukan uku. Jirgin monorel da aka ɗora a kan ginshiƙai daga Istad, ya ratsa Madinat Nasr da Tajammu' zuwa sabon birnin mulki, shi aka yi don ɓangaren gabas. In asibitinka ko makarantarka a waɗannan wurare take, ka kama gida kusa da ita ka manta da metro, kada ka zauna Dukki kana ƙetara gari kullum. Masu ziyara ma su sani, ƙabarin Imamu Shafi'i da Sayyida Nafisa da ganuwar Salahuddin babu tasha kusa da su.

A inda metro ya tsaya, Uber da inDrive ne suka fi dacewa da baƙo, domin kana ganin kuɗin kafin ka shiga. Farar tasi tana da mita, amma ka ga an kunna ta kafin mota ta motsa, in ba haka ba ku yi ciniki tun a ƙasa. Ƙananan bas sun fi komai araha, sai dai ba allo a jikinsu, da ihu da alamar hannu ake sanin inda za su. Kuɗi daga hannu zuwa hannu ake miƙa shi har ya kai ga direba, in za ka sauka ka ce "ala gamb ya usɗa", ya ɗan raɓa gefe. A-daidaita-sahu, wanda suke kira tuktuk, na cikin lunguna ne irin na Faisal da Imbaba da Ain Shams.

Filin jirgin sama ma metro bai kai can ba. Wanda ya sauka daga Kano ko Abuja da akwatuna da marar lafiya, ya sayi layin waya a cikin filin da fasfonsa, ya kira mota ta manhaja ko ya sa wanda zai tarbe shi ya zo da ita. Lambar motocin Masar da alƙaluman Larabci ake rubuta ta, kuma a nan ake rikicewa: biyar ɗinsu kamar sifirin boko take, sifirinsu ɗigo ne, shidansu kuma kamar bakwai. Ka daidaita lambar da ke wayarka da ta jikin motar kafin a ɗora kaya. Agogon Masar yana gaban na Najeriya da Nijar da awa ɗaya a lokacin sanyi, da awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sai ka gyara naka tun a filin, kada ka makara ganin likita washegari.